Ranar da Kawu Haman Ya Nemi Gafara

A shagon ɗinkin Talatu da ke Briqueterie, wato Birik a bakin 'yan unguwa, dariya ake fara jiyowa kafin ƙarar keke. Kekuna uku ne a shagon. Biyu suna aiki, na ukun kuwa tun da ya lalace aka shimfiɗa masa leda aka mai da shi teburin cin abinci. Talatu mai shagon mace ce da Allah ya hore wa jiki da murya, in ta yi atishawa har masu gasa soya, wato tsire, na tsallaken titi sai sun ɗago kai. Abokiyar aikinta Jaratu ba ta kai rabinta ba a jiki, amma ita ce gwanar yanka. Sau ɗaya za ta dubi mace ta yanka mata riga, ta zauna mata ɗas. Shekarunta talatin da ɗaya, tana da miji direban taksi mai suna Siddiƙ, da 'ya ɗaya, Nuriyya, wadda ta cika shekara tara a watan da ya wuce. In ka ga Jaratu tana kwaikwayon tafiyar masu kawo ɗinki bayan sun fita, Talatu na riƙe da ciki tana roƙonta ta bari, sai ka rantse ba ta taɓa sanin damuwa ba.

Wata Litinin da hantsi mahaifiyarta, Inna Karimatu, ta shigo ɗauke da ƙunshin atamfa a ka, baki har kunne.

"Ku taya ni murna," in ji ta. "Yaya Haman ya samu kujera, bana da shi za a tafi Makka!"

Talatu ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Kawu Haman yayan Inna ne, dillalin shanu a kasuwar Etoudi, mai babban gida a Ekoudou, mutumin da ba a rasa shi a sahun gaba.

Inna ta sauke ƙunshin a kan keken da ya mutu ta ci gaba. "Nan da mako uku za a yi walimar ban kwana a gidansa. Ga ankon matan gida, Jaratu, ke za ki yanka. Ya ce ba zai hau jirgi da haƙƙin kowa ba, zai bi dangi ɗaya bayan ɗaya ya nemi gafara. In ya dawo lafiya kuma, lokacin hutun lekol ne, an rufe makaranta, sai Nuriyya ta je ta taya matarsa hidimar baƙi. Yadda kika je, yadda Mu'mina ta je."

Mu'mina 'yar ƙanwar Inna ce, wadda dangi ke kira mara fara'a. Almakashin da ke hannun Jaratu ya tsaya cak a tsakiyar yadi. Ta ce, "Allah ya kai mu," don abin da bakinta ya iya ke nan, amma kunnenta ya riga ya bar shagon. Ƙarar makullai take ji, damin makullai masu kaɗawa a ƙugu, ga wata koriyar ƙofa, ga warin kanumfari.

Ba zan tsaya ina bayyana abin da ya faru bayan ƙofar nan ba, bai cancanci tawada ba. Tana da shekara tara babanta ya rasu, aka kai ta gidan Kawu riƙo na shekara guda, Kawun ya yi mata abin da babba mara tsoron Allah ke yi wa yarinya in ya ga ba mai tsaya mata. Ta faɗa wa Inna sau ɗaya. Inna ta toshe mata baki da tafin hannu ta ce mafarki ne, ta nemo rubutu ta ba ta ta sha, ta dawo da ita gida. Daga nan aka rufe zancen shekara ashirin da biyu. Mutanen gidan sun manta, ko sun yi kamar sun manta, ita kuwa ƙwaƙwalwarta ba ta san wannan yarjejeniya ba.

A da can tunanin yakan zo mata jefi-jefi, ta taka keke da ƙarfi har ya wuce. Tun ranar Litinin ɗin nan kuwa sai ya tare a kanta. Ba ya sallama, ba ya duba ko tana cikin mutane. Ranar Laraba ta yanka wa wata Madam riga da hannun hagu guda biyu. Talatu ta ɗaga rigar sama ta juya ta gaba da baya.

"Jaratu, matar nan da ta zo awo, ni dai na ga kamar tana da hannun dama. Ko ta bar shi a gida ne ba ta faɗa mini ba?"

Suka yi dariya, Jaratu ma ta yi, har da hawaye, sai dai hawayen bai tsaya inda dariyar ta tsaya ba. Ranar Juma'a ta bar dutsen guga a kan mayafin amarya har ya zana hotonsa. In ta tayar da salla sai ƙofar nan ta tsaya mata a gaban sallaya, ta kasa sanin raka'a ta nawa take, ta sake, ta kuma sakewa, har azahar ta kusa haɗewa da la'asar. Abinci ya daina shiga. Da mai shayi ya jefa kanumfari a tukunya, sai da ta fita bayan shago ta amayar da ɗan abin da ke cikinta.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda tunanin ya fara sauya fuska. Wani lokaci ba kanta take gani a bakin ƙofar ba, Nuriyya take gani, da 'yar rigarta ta lekol. Sai ta ce a ranta wace irin uwa ce ke ganin 'yarta a irin wannan wuri? Ko dai ita ce lalatacciyar? Ko hauka ne ya fara? Ta shiga raka Nuriyya lekol, ta tsaya a bakin ƙofa har a shiga aji. Ta hana ta zuwa sayen magi a shagon da bai fi taku goma ba.

"Mama, ni akuya ce?" in ji Nuriyya wata safiya. "Saura ki ɗaure ni a ƙafar keke."

"Da na samu igiya mai kyau da na ɗaure," in ji Jaratu. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, ba ta san uwar da gaske take ba.

Labarin mayafin amarya ya kai kunnen Inna. Ranar Asabar da rana ta iske Jaratu a gida, riƙe da kasko da wani ƙullin hayaƙi a leda.

"Iska ce ta shafe ki," in ji Inna tana hura garwashi. "Ku masu zama bakin titi ba ku yin addu'a. Matso ki shaƙa."

"Inna, kin san ba iska ba ce."

Inna ta ci gaba da hura wuta, ko da yake wutar ta riga ta kama.

"Inna, ba zan je walimar nan ba. Kuma Nuriyya ba za ta taka gidan nan ba."

"Ki rufa mini asiri, Jaratu. In ba ki zo ba me zan ce wa mutane? Da babanki ya rasu wa ya tsaya mana? Mutumin nan ya tsufa, yana da surukai, yana da jikoki. Shaiɗan ba wanda ba ya ruɗa. Kalma biyu ce fa, na yafe. Ki faɗa ko a fatar baki ne. Kin san Hajji ba ya wanke haƙƙin mutum sai mai haƙƙin ya yafe. So kike ya je ya dawo a banza?"

Jaratu ta dubi uwarta har Inna ta kawar da kai.

"Wane haƙƙi, Inna? Ai kin ce mafarki ne."

Hayaƙi ya cika ɗakin. Inna ta gyara mayafi, ta ce idonta ne ba ya son hayaƙi, ta fita ta bar kaskon. Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi da irin gidajenmu. An san gaskiya sarai, ba a taɓa shakkarta ba, amma sai a ɗora wa wadda aka cuta aikin ɓoye ta, sa'an nan in ta fara tangaɗi saboda nauyin a ce aljanu ne.

Ranar Litinin mai zuwa wani mai gyaran lantarki ya shigo shago, damin makullansa ya suɓuce ya faɗi a kan siminti. Jaratu ba ta san lokacin da ta shige ƙarƙashin teburin yanka ba. Talatu ta sallami mutumin, ta saki labule, ta durƙusa da ƙyar, don ba ƙaramin aiki ba ne Talatu ta kai ƙasa.

"Ke, in kin ga na zauna a ƙasa to sai an kira mutum huɗu su ɗaga ni," in ji ta. "Saboda haka kada wahalata ta tafi a banza. Faɗa mini."

Jaratu ta faɗa. Ba ta tsara ba, guntu-guntu ya fito, wani da Hausa, wani da Fulatanci, wani da kuka kawai. Talatu ba ta ce mafarki ba ne, ba ta ce a yi haƙuri ba. Ta tsine wa Kawu Haman tsinuwar da ba zan iya rubutawa ba, ta haɗa da shanunsa. Sa'an nan ta rungume Jaratu ta ce, "Ba ki yi laifin komai ba, kin ji ko? Shekara tara! Ni a shekara tara ko ɗaurin zane ban iya ba."

Talatu tana da wata mai kawo mata ɗinki, likita ce ta masu damuwar zuciya a wani asibiti da ke can saman tudu. Washegari ta rufe shago, abin da ba ta yi ko ranar da aka cire mata haƙori, ta tasa Jaratu gaba. Jaratu ta yi tsammanin allura ko ƙwaya. Sai ta tarar da wata mata mai furfura da tabarau, da kujeru biyu da butar shayi, matar ta saurare ta har ta gama ba ta katse ta ba.

"Likita, na haukace ne?" Jaratu ta tambaya a ƙarshe.

"A'a. Mata da yawa sun zauna a kujerar nan sun yi mini wannan tambayar. Abin da aka yi miki ne ya bar tabo, tunanin nan kuma ba ke kike kiransa ba. Ganin 'yarki a ciki ba mugunta ba ce, tsoron uwa ne, don ta kai shekarun da kike a lokacin. Me mijinki yake yi?"

"Taksi yake ja."

Likitar ta yi murmushi. "To, in kin tsaya a bakin titi, taksi ya rage gudu ya tsaya a gabanki, dole ne ki shiga?"

"A'a. Sai in inda za ni zai nufa."

"Kina bin sa da jifa don ya tsaya?"

Jaratu ta yi 'yar dariya. "Ai da an ce na haukace da gaske."

"To haka za ki yi da tunanin. Yaƙi da shi ne ke gajiyar da ke. Ki gan shi, ki ce na gan ka, ba can za ni ba. Sa'an nan ki taɓa abin da ke hannunki, ki faɗi launinsa, ki faɗi sunan ranar, ki faɗi shekarunki. Jikinki ne bai san an wuce wurin ba, ke za ki riƙa tuna masa. Ba yau zai daina zuwa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ki riƙa zuwa duk Talata, za mu yi aikin tare."

A hanyar dawowa Talatu ta ce, "Yanzu duk tudun nan da na hau har numfashina ya kusa ɗaukewa, taksi aka ba mu a matsayin magani? Da na sani da Siddiƙ muka tambaya." Amma da suka koma shago ita ce ta fara. Da ta ga idon Jaratu ya tsaya wuri ɗaya sai ta ɗaga murya, "Direba, wuce, ba mu zuwa!" Jaratu ta shafa yadin da ke gabanta ta ce, "Shuɗi ne, da ɗigon fari. Yau Talata. Shekaruna talatin da ɗaya." Wani lokaci abin ya wuce, wani lokaci ya ƙi wucewa sai ta yi kuka. Amma ta gama ankon nan kaf, kowace riga da hannun dama ɗaya da na hagu ɗaya.

Saura Siddiƙ. Kullum da azahar yakan ajiye taksi a bakin shago ya ci abinci a kan keken da ya mutu. Mutum ne mai barkwanci, kuma yana da wani abin alfahari guda: tun farkon aurensu Jaratu ta ɗinka masa 'yar jakar makulli mai auduga a ciki, in ta tsufa ta sake wata. Duk direbobin tasha sun san jakar nan, don yakan ɗaga ta ya ce, "Wa matarsa ta taɓa yi wa makullinsa riga?" Ranar Alhamis Talatu ta ƙirƙiri zuwa sayen zare ta bar su. Jaratu ta bari ya wanke hannu, sa'an nan ta faɗa masa a taƙaice. Ya ture kwanon abincin gefe. Ya ciro jakar daga aljihu ya juya ta a tafin hannu.

"Shekara goma sha ɗaya ina yi wa mutane fankama da ita," in ji shi. "Ashe ƙarar ce ba ki so."

"Da ƙarar, da kuma ina son ka. Duka biyun ne."

Ya miƙe. "Akwai ƙarfen cire taya a mota. Ekoudou ba nisa."

"Zauna, Baban Nuriyya. In an rufe ka wa zai riƙa cinye mana abinci? Ba duka nake so ba. Zan je walimar nan. Kai dai ka tsaya inda zan gan ka."

Ya zauna, ya share ido da hannun riga, ya ce yajin Talatu ne ya yi yawa.

Ranar walima aka tashi da yayyafi, jar ƙasar Ekoudou ta manne wa kowa a takalmi. An yanka sa, an girke tukwane, mata sun cika tsakar gida cikin ankon da Jaratu ta yanka, kowa na yaba zaman rigarta. An bar Nuriyya a wurin Talatu. Jaratu ta zauna a gefen tabarma kusa da Inna. Ƙofar nan tana nan a kusurwa, an sake mata fenti, yanzu ruwan ƙasa ce, kuma ta yi mamakin ƙanƙantarta. Siddiƙ ya jingina a bakin zaure, ya ƙi shiga cikin maza duk kiran da ake yi masa.

Bayan la'asar Kawu Haman ya shigo wurin mata cikin farar babbar riga, da carbi a hannu. Ya fara daga tsofaffi. Kowace ya tsaya a gabanta sai ya ce, "Ki yafe mini abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba." Ita kuma ta ce, "Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Wasu har da ƙwalla. Abin yana tafiya sumul, kamar rabon goro. Yana matsowa, makullan ƙugunsa suna kaɗawa a ƙarƙashin riga.

Tunanin ya zo mata gaba ɗaya, da ƙofar da warin da komai. Ta kama gefen zanenta ta murza ɗinkin da ita ta yi da hannunta. A zuci ta ce, na gan ka, ba can za ni ba. Ruwan goro ne da ganye kore. Yau Lahadi. Shekaruna talatin da ɗaya. Ta ɗaga ido ta ga Siddiƙ a bakin zaure, ya ɗaga mata 'yar jakar makulli kaɗan. Hankalinta ya dawo jikinta.

Kawu ya tsaya a gabanta. Bai dube ta ba, carbinsa yake kallo.

"Jaratu 'yata, ki yafe mini abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Inna ta ɗan taɓa ta da gwiwar hannu. Jaratu ta miƙe tsaye, ta rusuna kaɗan yadda ake yi wa babba, don ba rashin kunya ta zo yi ba. Muryarta ba ta yi ƙarfi ba, amma ta fita.

"Kawu, wanda ba ka sani ba na yafe maka shi duka. Wanda ka sani kuwa yana nan, sai ranar da ka faɗe shi da bakinka."

Tsakar gidan ta yi tsit, har ana jin ɗigar ruwa daga kwano. Carbin ya tsaya. Wata gwaggo ta ce, "Subhanallahi, yaran zamani!" Wata ta ce ai dama an ce ba ta da lafiya kwanan nan. Matar Kawu ta shige ɗaki da sauri. Shi kuwa ya yi gyaran murya, ya yi wani ɗan murmushi ya ce, "Allah ya shirya," ya matsa gaba da hanzari, don ya samu wadda za ta wanke masa fuska. Ta gaban kuwa Mu'mina ce, mara fara'ar nan da ba a taɓa jin ta yi musu da kowa ba. Ya maimaita kalmominsa. Mu'mina ta ɗago kai daga kallon tabarma.

"Ni ma haka, Kawu," in ji ta. "Yadda Yaya Jaratu ta ce."

Wannan karon ba wadda ta ce yaran zamani. Gwaggon da ta yi salati ɗazu ta jawo jikarta da ke wasa kusa da ƙofar kusurwa ta zaunar da ita a cinya. Kawu bai ƙarasa layin ba, ya ce lokacin salla ya gabato, ya fita, alhali ko awa ɗaya ba a yi da la'asar ba. Jaratu ta kama hannun Mu'mina suka fito tare. A cikin taksi Siddiƙ ya tambaye su ina suka nufa, kamar fasinjoji, Mu'mina ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ya kai su Birik ya saya musu soya mai zafi.

Kada mai karatu ya zaci duniya ta gyaru a ranar. Kawu Haman ya hau jirginsa bai faɗi komai ba, abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa kuma ba ni da labari. Rabin dangi sun daina gaida Jaratu, sun ce ta tozarta dattijo a ranar farin cikinsa. Ba wanda ya tambayi ranakun farin ciki nawa aka ƙwace mata ita. Shekara ashirin da biyu gidan nan yana gadin sunan mutum ɗaya, yana aika masa 'yan mata hutu ɗaya bayan ɗaya, kuma duk masu aikawar suna salla suna azumi. Amma tun daga ranar ba a sake jin wata uwa ta ce 'yarta za ta Ekoudou taya hidima ba. Mu'mina ta fara bin Jaratu hawan tudu duk Talata. Tunanin bai daina zuwa ba, sai dai ya rage zama, har Nuriyya ta samu izinin sayen magi, da sharaɗin ta dawo kafin a ƙirga hamsin.

Kwana tara Inna ba ta leƙo ba. A na goma, da azahar, Talatu na cikin ba da labarin wata da ta kawo yadi ɗaya tana son riga da zane da ɗankwali, sai ga Inna a bakin ƙofa, ba ƙunshi, ba kasko. Ta rame. Talatu ta tuna cewa zare ya sake ƙarewa, ta ja Nuriyya suka fita.

Inna ta zauna a kan benci, ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Shi ya kasa faɗin nasa," in ji ta. "Ni zan faɗi nawa. Kin zo kin gaya mini, kina 'yar mitsitsiya, na toshe miki baki na ce mafarki ne. Na san ba mafarki ba ne, tun a ranar na sani. Tsoro na ji. Kuma da bakina na ce a kai Nuriyya." Ta saki bakin mayafin. "Wannan nake roƙo ki yafe mini, Jaratu. Wanda na sani."

Jaratu ta ajiye almakashi. Tausayi da haushi suka taso mata tare, ta bar su suka yi abin da za su yi, ba ta yi sauri ba. A waje wani taksi ya rage gudu, ya danna hon, ya wuce. Ta tashi ta buɗe kwanon da ke kan keken da ya mutu, ta ɗauko cokali biyu, ta miƙa wa uwarta ɗaya.

"Matso mu ci, Inna, kin rame," in ji ta. "Wannan da kika faɗa da bakinki, na yafe."